Daga Kakum Zuwa Ankasa: Ƙasar Damina Biyu da Ke Neman Ruwan Sha

Yawancin masu zuwa buɗe ido a gaɓar tekun Gana yini guda suke yi. Mota ta kwashe su daga Akara da asuba, ta kutsa cunkoson Kasowa, ta ci kusan kilomita 150 zuwa Cape Coast. Kafin azahar sun hau gadar igiya ta Kakum, da la'asar sun shiga kurkukun bayi sun fito idanu jajur, magariba na yi sun juya. Abin da suka gani ya cancanci wahalar hanya. Sai dai ɗan tsakure ne daga wani yanki mai tsawo da ya miƙe daga Winneba har Elubo, kan iyakar Kwaddibuwa, inda kurmi da kogi da teku da ƙananan garuruwan masunta suke rayuwa da juna, in ɗaya ya kamu da ciwo sauran su ji a jikinsu.

Mutumin da ya tashi a Katsina ko Damagaram, inda ake duban gabas ana jiran hadari, zai ɗauka wanda Allah ya ba irin ruwan wannan yanki ya yi sallama da ƙishirwa. Damina biyu suke yi a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A wajen Axim ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,000. Duk da haka, a 2024 kamfanin ruwan Gana ya fito ya ba mutanen Cape Coast da Elmina haƙuri kan ƙarancin ruwan famfo. Kogin Pra, inda ake ɗibar wani kaso na ruwan, bai ƙafe ba. Laka ce ta yi masa yawa har injinan tacewa suka gaza. Duk wanda ya bi gaɓar nan a tsanake, ruwa zai riƙa gani a gindin kowane labari, tun daga dalilin killace daji har zuwa ƙwaryar kifin da ta ragu a kasuwa.

Kakum: gada daban, daji daban

Kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, kusa da ƙauyen Abrafo, ƙofar gandun dajin Kakum take. A 1931 Turawan mulkin mallaka suka keɓe dajin, domin daga cikinsa kogin Kakum yake ɓuɓɓugowa, kuma daga kogin ne Cape Coast take sha ta madatsar Brimsu. Keɓewar ba ta hana sara ba. Shekara da shekaru masu katako suna fitar da manyan itatuwa, musamman dangin maɗaci na kurmi, har zuwa 1989 da aka tsayar da su. A 1992 aka mai da wurin gandun daji na ƙasa. Idan an haɗa da dajin Assin Attandanso da ke manne da shi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 375.

Abin da ya fitar da sunan Kakum ita ce gadar sama da wasu injiniyoyi biyu daga Kanada suka gina tare da ma'aikatan Gana a 1995. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu duka kusan mita 350, an ɗaure su da igiyoyin ƙarfe a jikin manyan itatuwa. Abin takawa katako ne siriri a kan tsanin alminiyam, raga ta rufe hagu da dama har kusan ƙirji. A wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya kai mita 40. Gadar tana lilo, kuma duk wanda ya tako bayanka kana jin takunsa a gwiwarka. Mai tsoron bisa zai iya yanke hanya ya fita bayan gadojin farko, ba kuma abin kunya ba ne.

Daga can sama ne mutum yake fahimtar yadda kurmi yake da hawa-hawa. Ƙasa duhu ne da laima, ganye yana ruɓewa, tsiro yana kokawar neman rana. Tsakiya rassa ne da igiyoyin daji sun sarƙe. Can bisa kuma wasu ƙattin itatuwa sun fasa rufin sun miƙe su kaɗai, cikinsu har da rimi, wanda muka sani a bakin kasuwa da ƙofar gari, amma a nan tsayinsa ya kan kai inda sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Akwai loko, wanda mutanen wurin ke kira odum, akwai wawa mai farin katako mara nauyi.

Amma a faɗi gaskiya: wanda ya zo ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Asabar, lokacin da motocin 'yan makaranta suka cika fili, ba zai ga dabba ba. Ihun yara a kan gada ya isa ya kori kowane biri zuwa tsakiyar daji. Kakum tana da tsuntsaye sama da iri 250, da aku, da cilakowa manya masu kukan da ke amsawa cikin itatuwa, da malam-buɗe-littafi iri ɗaruruwa, da birai kala-kala, da wata babbar barewar kurmi ja mai farin zane da ake kira bongo. Duk waɗannan na mai sammako ne, ko wanda ya kwana a ɗakin da aka gina a kan itace a cikin dajin ya fita da ma'aikacin gandu da tocila cikin dare. A ganina wannan kwanan ya fi gadar daraja nesa ba kusa ba. A nan ne za ka ji daji yana magana da muryarsa, kuma a nan ne ɗan jagora yake samun sukunin nuna maka wane ɓawo ake jiƙawa don zazzaɓi, wane ganye ake naɗe abinci da shi, wace igiya ake sarewa a sha ruwan cikinta.

Giwaye ma suna nan, ko da yake da wuya a gan su. Giwar kurmi ta fi ta fili ƙanƙanta, kunnenta ya fi kewaya, haurenta ya fi miƙewa ƙasa, kuma tun 2021 masana suka sa ta a jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Manoman da ke kewaye da gandun su suka fi kowa sanin tana nan, domin a dare ɗaya garke yana iya gamawa da gonar masara ko rogo da iyali suka dogara da ita. Dabarar da aka koya musu ita ce su zagaye gona da igiya, su rataya tsummokaran da aka shafe da baƙin mai da dakakken barkono. Tana aiki, amma sai an riƙa sabuntawa bayan kowane ruwa. Mai ziyara ya kamata ya tuna cewa kyan dajin da ya biya kuɗi ya kalla, akwai talakan da yake biyan nasa kason da amfanin gonarsa.

Ko'ina ka duba daga gefen gandun, gonakin koko ne da na kwakwar manja. Kakum ragowa ce. A farkon ƙarni na 20 kurmin Gana ya kai kusan hekta miliyan 8, yau abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kuma ido bai sauka daga kan ragowar ba: a 2023 wani kamfani ya nemi izinin haƙar zinariya a cikin Kakum kanta. Hukumar ma'adinai ta ƙi, bayan jama'a sun yi ca.

Hanyar da ta sauko daga arewa

Kafin ka koma bakin teku, yana da kyau ka ratse zuwa Assin Manso, kimanin kilomita 40 daga Cape Coast a kan hanyar Kumasi. Garin ƙarami ne, kuma abin da ake zuwa gani wani rafi ne mai inuwa. A nan ake tsayar da ayarin bayin da aka koro daga arewa, a yi musu wanka na ƙarshe, a shafe su da mai don su yi kyan gani a idon mai saye, sannan a ƙarasa da su gaɓa. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu daga zuriyar waɗanda aka tafi da su, Samuel Carson daga Amurka da wata mata mai suna Crystal daga Jamaika, aka binne su a garin.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tarihi. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, kuma goron da suke saye a Salaga daga irin wannan kurmi yake fitowa, daga ƙasar Asante. Salaga kuwa kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma cikin hajar da ayari ke kaiwa, bayan tufafi da kanwa da dabbobi, akwai mutane. Asante ma, tun da ta ci Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, bayi take karɓa a matsayin haraji, da yawansu kuma gaɓa aka nufa da su. Saboda haka mutumin arewa da ya tsaya a bakin rafin nan bai kamata ya ji kamar labarin Turawa da Baƙaƙen Amurka ne kawai yake saurare ba. Akwai namu a cikin waɗanda aka wanke, akwai namu a cikin waɗanda suka ci riba.

Sansanin Cape Coast mutanen Suwidin suka fara shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka ƙwace shi a shekarun 1660. Daga nan suka yi mulkin Gaɓar Zinariya har 1877 da aka mai da hedikwata Akara. Farin gini ne mai kyau daga waje, igwoyi sun jeru suna duban teku. Sai an sauka da kai ƙasa, ɗan jagora ya kashe fitila, ka ji nauyin iskar ɗakunan da ake cusa ɗaruruwan maza a ciki makonni, da 'yar taga ɗaya can sama. Daidai kan wannan kurkuku Turawan suka gina ɗakin ibadarsu. Shugaba Obama ya zo nan da iyalinsa a 2009, sannan a 2019, da Gana ta yi shelar shekarar komawa gida, dubban jikokin bayi suka yi ta tururuwa. Idan ka tarar da wasunsu suna kuka a bakin ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, ka mai da wayarka aljihu.

Garin kansa, wanda Fante ke kira Oguaa, bai kamata a wuce shi da gudu ba. Garin makarantu ne: Mfantsipim da aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu, tana nan a kan tudu, ga Wesley Girls, ga jami'ar da aka buɗe a 1962. Kasuwar Kotokuraba kuwa nan ne za ka ji Hausa na tashi a tsakanin Fantanci, ka samu waken shinkafa da safe, da koko da ƙosai, da tsire da yamma. Kusan kowane gari a gaɓar nan yana da zangonsa da masallacinsa, don haka batun salla da abincin halal ba ya wahalar da matafiyi.

Asalin wasu zangunan soja ne. A farkon shekarun 1870 Ingilishi suka kawo dakarun Hausawa daga Legas, irin waɗanda wani Bature mai suna Glover ya fara tarawa a 1863, aka girke su a Elmina, suka kuma yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Ba dukansu ne Hausawa a jini ba, amma Hausa ce harshen bariki, shi ya sa taken rundunar ya zama Kullum Shiri. Da yawa ba su koma ba. Sun yi aure, sun kafa unguwanni, malamai da 'yan kasuwa suka biyo su.

Elmina da tekun da ke ƙarewa

Kilomita goma sha 'yan kai yamma da Cape Coast, Elmina take. Sansaninta ya fi na ko'ina tsufa: mutanen Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, mutanen Holan suka karɓe a 1637, Ingilishi suka gada a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a wuce da shi Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seychelles. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa wannan sansani da 'yan uwansa na gaɓar cikin kayan tarihin duniya.

Ni dai abin da ya fi kama ni a Elmina yana wajen katanga. Ka hau tudun da ƙaramin sansanin St Jago yake da sassafe, ka dubi bakin tafkin Benya inda yake haɗuwa da teku. Kwalekwale ɗaruruwa, kowanne da fentinsa, da tutocin ƙasashe da na ƙungiyoyin ƙwallo, da ayoyin Baibul a rubuce a haƙarƙarinsa. Majiya ƙarfi suna jan taru suna waƙa, mata da manyan kwanoni suna shiga ruwa har gwiwa suna taryen kifi. Harkar tana da tsari. Akwai sarkin masunta, akwai kuma uwar 'yan kifi da ake kira konkohemaa, wadda ke da baki wajen yanke farashi. Sau da yawa matan nan su ne masu ba da kuɗin mai da na taru, su karɓi kifi su yi banda a murhunan laka, a loda shi zuwa Kumasi da Tamale da Bolgatanga. Ranar Talata ba a shiga teku. Ranar gyaran taru ce da hutu, kuma a Talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue, na buɗe tafkin bayan an rufe shi makonni.

Gindin kowane babban kwalekwale gungume ɗaya ne na itacen wawa da aka fafe, sannan a ɗora katako a gefe. To irin waɗannan gungumaye sun yi wuya, sai an shiga daji da nisa, kuma kuɗinsu ya tashi. Masunci da bai taɓa taka kurmi ba, saran kurmi ya iso har jarinsa.

Babban ciwon kuwa ƙarancin kifi ne, musamman ƙananan kifayen nan dangin sadin da talaka ke ci. Kwalekwale sun yi yawa, wasu suna kamu da fitila ko da taru mai ƙananan idanu, amma abin da masunta suka fi kuka da shi shi ne saiko. Manyan jiragen kamun kifi, waɗanda bincike ya nuna yawancinsu na kamfanonin Sin ne masu fakewa da tutar Gana, sun riƙa kwashe kifin da doka ta bar wa ƙananan masunta, su daskarar da shi falle-falle, su sayar wa wasu kwalekwale a tsakiyar teku. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare muhalli suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kusan tan 100,000 ta wannan hanya, kuma Elmina ce babbar matattara. Daga baya gwamnati ta matsa lamba, ta kuma fara rufe teku na wata guda a shekara don kifi ya hayayyafa. Shawara ce mai ma'ana, amma wata guda ba ciniki a gidan da ba ajiya, yunwa ce.

Kogin da ya koma kunu

A kan hanyar Takoradi akwai gadar Beposo, inda ake tsallake Pra. Duk direban da ya san hanya zai ce maka ka leƙa. Ruwan ja ne mai kauri kamar kunun kanwa. Dattawan wurin sun san shi yana da haske, ana kama kifi da jatan lande a cikinsa. Abin da ya mai da shi haka galamsey ne, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. A da aikin cebur ne da kwano. Yanzu katafila ce ke ƙwaƙule bakin kogi, da injinan da ake ɗorawa a kan ruwa suna tsotso yashi daga ƙasa suna amayar da laka, da zaibar da ake kama zinariya da ita, wadda ragowarta ke shiga ruwa ta zauna a jikin kifi. Gwamnati ta tura sojoji a 2017, ta dakatar da ƙananan masu haƙa na wani lokaci, an ƙona injina, amma da farashin zinariya ya tashi sai aiki ya dawo. A 2022 ma wata doka ta buɗe ƙofar haƙa a cikin keɓaɓɓun dazuzzuka, abin da ya tayar da ƙura har aka yi zanga-zanga a Akara a 2024.

Ba na ganin laifin saurayin da ya rasa aikin yi ya shiga rami. Wanda ya sayi katafila ya ba shi, da wanda ya kau da kai katafilar ta wuce shingen bincike, su ne abin tuhuma. Daga kogin Pra ake tace ruwan Sekondi da Takoradi a Daboase, daga shi ake tace wani kaso na ruwan Cape Coast a Sekyere Hemang.

Inda Pra ya faɗa teku akwai garin Shama. A cikin sansaninsa aka binne Anton Wilhelm Amo, yaron da aka ɗauka daga wajen Axim zuwa Jamus a 1707, ya girma ya koyar da falsafa a jami'o'in Halle da Jena, sannan ya dawo gida ya rasu. Mutane kaɗan ne ke ratsewa su gaishe da kabarinsa.

Bayan Takoradi

Takoradi, da tashar jiragen ruwanta ta 1928 da hada-hadar man fetur, wurin cika tanki ne da cire kuɗi. Daga Agona Nkwanta hanya ke ɓallewa zuwa ƙananan garuruwan da, a ganina, su ne zuciyar tafiyar: Dixcove da 'yar tasharta mai kewaye da duwatsu, Busua mai shimfiɗaɗɗen rairayi, Butre inda ake tsallaka gadar katako a hau tudu zuwa kangon sansanin Holan. A Princes Town akwai sansanin da mutanen Brandenburg na Jamus suka gina a 1683, wanda wani attajirin wurin, John Konny, ya riƙe da dakarunsa ya hana mutanen Holan shiga har 1724. Hanyar Cape Three Points, ƙarshen Gana ta kudu, ta ratsa gonakin roba, kuma da damina tana gwada haƙurin mota. A ƙarshenta akwai hasumiyar fitila ta 1925. Can cikin teku, inda ido ba ya kaiwa, rijiyoyin man Jubilee suke, waɗanda aka gano a 2007 aka fara haƙa a 2010.

A rairayin yankin nan kunkurun teku ke fitowa cikin dare su yi ƙwai a watannin ƙarshen shekara, kuma wasu ƙauyuka sun fara gane cewa kunkuru mai rai yana kawo baƙi fiye da yadda namansa ke kawo kuɗi. Za ka kuma ga kututturan kwakwa tsaye ba kai, aikin wata cuta da ta daɗe tana cin kwakwar gaɓar. Gargaɗi ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba: tekun nan yana da ja mai ƙarfi a ƙarƙashi. Wanda iyonsa na gulbi ne ko kududdufi, kada ya wuce gwiwa sai inda 'yan gari suka ce.

Bayan Axim da sansaninta na 1515, ka tsallake Ankobra, wanda shi ma ya koma ja, ka shiga ƙasar Nzema. Nkroful na nan gefen hanya, mahaifar Kwame Nkrumah, inda aka binne shi a 1972 kafin a mai da gawarsa Akara.

Daga Beyin ake shiga kwalekwale zuwa Nzulezo. Tafiyar kusan sa'a guda ce, ta wata siririyar hanyar ruwa, ta fadama mai furanni, ta ƙarƙashin tukurwa da ta yi rumfa, sai kawai tafkin Tadane ya buɗe a gabanka. Ruwan baƙi ne wuluk saboda ganyen da ke jiƙa a cikinsa, ba don datti ba, kuma yana ɗaukar hoton sama kamar yadda take. A gefe guda gari yake tsaye a kan turaku, gidaje na katako da tukurwa, doguwar barandar katako ita ce titi, ga makaranta, ga coci, ga yaran da suka iya tuƙa kwalekwale tun kafin su iya karatu. Mutanen suna cewa kakanninsu daga Walata suka taso, can cikin Sahara, wata katantanwa ta yi musu jagora har nan. Ranar Alhamis ta tafkin ce, akwai ayyukan da ba a yi. Gonakinsu suna tudu a ƙetaren ruwa.

Nzulezo gidan mutane ne, ba rumfar baje koli ba. Kullum baƙi suna ratsa tsakar gidansu da kyamara, kuma ana ganin gajiyar hakan a fuskokin wasu. Ka yi sallama, ka nemi izini kafin hoto, in an ƙi ka haƙura, ka sayi ɗan abin da suke sayarwa, kuma ka koma da robar ruwanka, domin leda da roba sun fara taruwa a ƙarƙashin turakun.

Ankasa

Kusan kilomita 20 kafin Elubo, hanya ta ratse dama zuwa Ankasa. Tun 1976 aka killace ta, faɗinta kusan murabba'in kilomita 500, kuma ita ce dajin da ya fi kowanne samun ruwa a Gana, ganyensa kore shar rani da damina. Babu gadar sama, babu layin masu sayen tikiti, hanyar ciki sai mota mai ƙarfi, wani lokaci sai ƙafa. Ka zo da takalmin ruwa da rigar ruwa ko da hunturu ne, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da tafiyar gaɓar duka ta fi sauƙi. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma katin allurar shawara dole ne.

A Nkwanta, cikin dajin, akwai wurin da gora ta yi tsayi ta sunkuyo ta haɗe kai, ta yi dogon zaure mai sanyi. Masu bin tsuntsaye daga Turai da Amurka suna kwana a nan don neman wani zabon kurmi mai farin ƙirji da jan kai, wanda samun sa a duniya ya yi wuya. Giwaye suna barin sawu da kashi a kan turba. Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kalla shi ne rafukan da dajin ya ci sunansu, Ankasa da Nini da Suhien. Ruwansu garau yake, kana ganin tsakuwa da ƙananan kifaye a ƙasa. Bayan Pra da Ankobra, a nan ne matafiyi zai ga yadda kogunan yankin suke kafin katafila ta zo.

Tsaron irin wannan daji ya rataya ne a wuyan ma'aikata ƙalilan da ke sintiri a ƙafa, suna fuskantar mafarauta da masu zarto da masu neman zinariya, kuma kuɗin ƙofa da na ɗan jagora da na kwana a masaukin ƙauye suna cikin 'yan dalilan da ke sa maƙwabtan gandu su ga amfanin barin itace a tsaye. Daga ƙofar Ankasa zuwa Elubo tafiyar rabin sa'a ce. A can kogin Tano ne iyaka, shi ma ja, yana ɗauke da lakar ramukan zinariyar Gana zuwa tafkin Aby, abin da ya sa mahukuntan Kwaddibuwa suka sha kai ƙorafi Akara.